Motar Mushe Iliya da Ɗinkin Rabe

Kwanan baya wasu samari biyu suka tsaya bakin shagona a Sabon Gari, suna jira in ɗinke ma ɗayansu sirdin babur. Sai na ji ɗaya yana ce ma ɗan'uwansa wai wannan aiki namu ai telanci ne kawai, bambancin shi ne mota ba ta ƙorafin an matse mata ƙugu. Na gama sirdin na miƙa mashi. Amma tun ranar maganar take cina, shi ya sa na ce bari in faɗi yadda sana'ar take, ko wani daga cikinku zai rage raini.

Sunana Lawali. Tapisiye nake, wato mai ɗinkin kujerun mota da rufinta da duk wani abu mai laushi da ke cikinta. Shekara arba'in da ɗoriya ina wannan aiki a Maraɗi. Kekena ba irin na masu ɗinka riga ba ne. Ƙarfe ne zalla, sai mutum biyu ke ɗaga kansa, ƙafarsa tana tafiya tare da allura don kada fatar sama ta zame daga ta ƙasa. Almakashina biyu ne, ɗaya na yadi, ɗaya na leda da soso, kuma wanda ya haɗa mani su mun ɓata. Akwai lanƙwasasshiyar basilla ta wuraren da keke ba ya kaiwa, da alli, da filaya mai dogon baki ta zobban da ke riƙe riga jikin ƙarfen kujera, da dunƙulen kakin zuma da nake jan zare a kai. Sai turnabis, abin kwance kusa, wanda ni bincike na fi yi da shi. Tela in ya yi kuskure sai ya warware ya sake. Mu in allura ta huda fata ko tanti, wato yadin rufin mota, ramin ya zauna ke nan, kuma ta nan ruwa zai shiga.

Wurin Maigida Ɗan'azumi na koyi aiki, kusa da tsohuwar tasha. Shekarar farko ko zama kan keke ban yi ba. Kwance kujeru, cire zobba, kankare tsatsa, da shanya soson da ya sha gumin direbobi, su ke nan. Mu biyu ne a lokacin, ni da Rabe, mako ɗaya aka kawo mu. Na fi shi sammako, na fi shi zama, na fi shi kula da kayan aiki. Shi kuwa ya fi ni hannu. Abin da zan auna sau uku in ja alli, shi kallo ɗaya zai yi mashi ya sa almakashi, ya fito daidai.

Wata rana wani bature mai aikin haƙar rijiyoyi ya kawo 'yar mota mai buɗaɗɗen sama, irin wadda ake naɗe rufinta a baya. Ita ce ta farko da na taɓa sa ma hannu. Rana ta cinye rufin, yana so a yi sabo. A lokacin idon Maigida ya fara rauni. Ya dube mu mu biyu, ya miƙa ma Rabe almakashi, ni ya ce in riƙe gefen tantin. Kwana huɗu ina riƙe da gefen tanti. Da aka gama, masu shagunan layin suka taru suna kallo, Maigida ya ce a gabansu, "Wannan yaro idonsa a yatsa yake." Ni abin da ya taɓa faɗi a kaina, iyakar zamana da shi, shi ne, "Lawali ba ya makara."

Shekara uku bayan an yaye mu, Rabe ya bar sana'ar. Ya bi wani kawunsa Kwatano yana tuƙo motocin hannu, daga tuƙi ya koma dillanci, daga dillanci ya buɗe filinsa na sayar da motoci a bakin babbar hanya. Yau Alhaji Rabe ne, da gida mai bene a unguwar Zariya, nan cikin Maraɗi. Da ya tsaya cikin sana'ar ya fi ni, ina jin da na haƙura tuntuni. Amma ya ajiye hannun kamar ba komai ba, ya je ya yi arziki da baki, ni da na riƙe abin da ƙarfina ina nan inda ya bar ni. Ba mu taɓa faɗa ba. Muna gaisawa, yana turo mani kujerun motocinsa in gyara, in ya biyo ta layinmu yana sauke gilashi ya ɗaga hannu. Ni ma ina ɗagawa.

Masu kawo mani aiki iri-iri ne. Akwai direbobin tasha da ke son a cusa kujera ta huɗu inda aka yi don uku. Akwai alhazan kasuwa da ke sayen mota mai kujerun fata, su ce in lulluɓe fatar da leda don kada ta lalace, har motar ta tsufa ba su taɓa zama kan abin da suka biya ba. Sai masu kira na in raka su duba motar hannu kafin su saya. Bakanike yana sauraron inji, ni ina duba ciki. Ana iya mayar da lambar tafiyar mota baya, ana iya wanke inji ya yi ƙyalli, amma soson kujerar direba in ya kwanta ya kwanta. In na danna shi da tafin hannu na san shekarun motar.

Shekarar da aka rufe iyaka ita ce mafi muni da na gani. Motoci suka daina shigowa, leda da soso suka yi tsadar da ba a taɓa gani ba, wanda kujerarsa ta yage sai ya shimfiɗa mata tsohon zane. Na koma ɗinka sirdin baburan 'yan kabu-kabu da rumfunan masu shayi. Har mai sayen tsofaffin ƙarafa ya zo ya taya kekena, na kore shi, amma sai da na kwana biyu ina tunanin tayin. A shekarar filin Rabe ma ya yi fayau. Ba zan ɓoye maku ba, in na biyo ta wurin a kan babur sai in rage gudu in ƙare ma filin kallo. Abin da ya rage a ciki bai wuce motoci uku ba, ɗaya 'yar ƙaramar ja ce mai buɗaɗɗen sama, rufinta a yayyage, ba mai ko tambayar kuɗinta.

Bayan damina ta gaba Mushe Iliya ya zo shagona. Mushe haka muke kiran malamin makarantar boko. Mutumin Tibiri ne, Kirista, ya koyar sama da shekara talatin kafin ya yi ritaya, kuma na san shi tun yana kawo mani sirdin tsohon baburinsa. Muka gaisa, ya zauna kan benci, ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

"Malam Lawali, mota nake so in saya. Mai buɗaɗɗen sama."

Na yi dariya, na ɗauka wasa yake. Na ce, "Mushe, a zafin ranar Maraɗi? Wannan ai motar 'ya'yan masu kuɗi ce, su zaga da ita da yamma su mayar gida."

Bai yi dariya ba. Ya ce matarsa, Madam Saratu, an yi mata aiki a ƙashin baya an sa mata ƙarfe, ba ta iya sunkuyawa, ko wuya ba ta lanƙwasawa sosai. Babur ya haramta gare ta. Taksi kuma sai an sunkuya ake shiga, duk wata in za a kai ta asibiti sai mutum biyu sun kama ta, ta isa tana hawaye. Shekara biyu ke nan ba ta je coci ba, ba ta ga gidan 'yarsu da ke nan cikin gari ba.

"Na yi tunani," ya ce, "in an naɗe rufin, za ta shiga a tsaye, ta zauna a miƙe kamar kan kujerar gida. In ta zauna sai in ja rufin a kanta."

Na daɗe ina aikin mota, wannan dabarar ba ta taɓa zo mani ba. Ya faɗa mani abin da ke hannunsa, kuɗin sallamarsa ne da na shanu biyu da ya sayar. Ba su da yawa. Na ce mashi abin da nake ce ma kowa: ya ware kashi ɗaya cikin huɗu ya manta da shi, don motar hannu ba ta shiga gida ba ta nemi wani abu ba. Da sauran zai yi ciniki.

Ya riga ya samo biyu. Ɗaya a filin Alhaji Rabe, ɗaya a Jiratawa wurin wani mai lambu da ɗansa ya kawo mashi daga Najeriya. Bakanike ya saurari injin kowace, ya ce duka za su yi. Takardunsu na duwan, wato kwastan, ma ya kai an duba. Saura ni.

Muka fara da filin Rabe. Ba ya nan, maigadi ya kawo makulli. 'Yar jan nan ce dai. Ga yadda ake duba irin wannan mota, ku riƙe. Kafin ka kalli komai, ka shiga ka rufe ƙofa ka shaƙa. Motar da rufinta ya taɓa yoyo tana da warin ɗakin da aka rufe da damina, ko shekara nawa aka yi. Wannan ba ta da shi. Sai ka ɗaga shimfiɗar ƙasa ka danna ƙarfen da turnabis, gaba da baya da ƙarƙashin kujeru. Na danna ko'ina, ƙarfe ya amsa. Sai ka hau da ƙafa ɗaya ta motar kan dutse, ka buɗe ƙofofi ka rufe. Mota mai rufin ƙarfe rufin ne ke riƙe jikinta, wannan kuwa ƙasanta kaɗai ke riƙe ta, in ya gaji za ka ga ƙofa tana gogawa. Ƙofofin suka rufu da yatsa ɗaya. Ƙarafunan rufin da hannu ake naɗe su, ba da lantarki ba, kuma ga mai ƙaramin ƙarfi wannan alheri ne, don abin da hannu ke yi ba ya neman kayan gyara daga Turai.

Sai rufin kansa. Wancan yagaggen da na sani babu shi, sabon baƙin tanti ne a miƙe kamar fatar ganga. Na ɗauka odarsa aka yi daga waje. Na shiga na kwanta rigingine kan kujera na duba ta ciki, sai na ga ragowar shuɗin alli a gefen haɗi, da ƙarshen zare an koma baya sau uku an ƙona bakinsa da ashana. Haka Maigida Ɗan'azumi ya koya mana. Na bi ɗinkin da yatsa har kusurwar baya, bayan taga, inda yanki uku ke haɗuwa a lanƙwasa. Wurin nan shi ne ke tona asirin kowane tapisiye. Babu tattara ko ɗaya.

Na tambayi maigadi wa ya yi. Ya ce, "Alhaji ne da kansa. Shekarar da babu kasuwa ya sa aka kawo mashi wani tsohon keke gida, wai ya rage zaman banza. Kwana biyar ya yi."

Mutumin da ya shekara talatin bai taɓa keke ba.

Na fito ina kakkaɓe riga. Mushe ya ce, "Yaya ka gani, Malam?"

Na ce, "Rufin ba na kamfani ba ne, ɗinkin gida ne, ban ga an gwada shi da ruwa ba. Kuma motar ƙasa-ƙasa take, rairayin Tibiri zai iya riƙe ta. Mu je mu ga ta Jiratawa."

Duk abin da na faɗa babu ƙarya a ciki. Amma na san abin da na zaɓa na faɗa da abin da na bari.

Washegari da hantsi muka hau baburinsa zuwa Jiratawa. Motar fara ce, tana ƙarƙashin mangwaro a gefen lambu, an wanke ta tana walƙiya. Ta fi ta Rabe girma, ta fi ta kyau a ido, kuma kuɗinta ya yi ƙasa sosai, har Mushe zai rage wani abu ko bai taɓa kason da na ce ya ware ba. Mai ita dattijo ne mai fara'a, ya ce shi dai ba ta yi mashi amfani, ko buhun albasa biyu ba ta ɗauka. Ya danna maɓalli, rufin ya fara naɗewa da kansa, ya tsaya a tsakiya ya yi nishi, sannan ya ƙarasa. Mushe bai ji nishin ba. Fuskarsa ta yi haske kamar yaron da aka kai kallon sabon abu.

Suka koma gefe suna hirar farashin albasa, ni na shiga ciki. An fesa turare, amma ƙarƙashin turaren akwai warin nan. Na ɗaga shimfiɗa, na tarar an manna sabuwar leda da gam. Na ɓanɓare gefenta a ƙarƙashin kujerar mai zaman banza, ta gefen direba, na sa turnabis. Ya shige kamar cikin dafaffen rogo. Da na zare shi, ta ramin ina hango ciyawa.

Babu wanda ya gan ni. Na mayar da ledar, na mayar da shimfiɗar, na lallaɓa ta da hannu. Na zauna a tsugune ina lissafin cewa ai ana iya liƙa faranti a ƙasa, mai walda zai yi shi cikin yini ɗaya, ƙila ta yi shekara biyu ko uku. Na san ƙarfen da ya ruɓe a wuri ɗaya ya ruɓe a goma, kuma ƙusoshin da ke riƙe kujerar a cikinsa suke. Na sani sarai. Amma a lokacin abin da nake gani shi ne 'yar jan can ta ci gaba da zama a filin Rabe, rana tana cin ɗinkin nan a hankali.

Sai Mushe ya dawo, ya buɗe ƙofa ya zauna kan kujerar, ya ɗan girgiza jiki yana gwada laushinta. Ya ce, "Nan za ta zauna."

Na ji ƙarfen ya yi ƙara a ƙarƙashinsa, 'yar ƙarama, irin wadda sai mai sana'a ke ji.

Na ce, "Mushe, tashi."

Na ɗaga shimfiɗar na nuna masu, shi da mai motar. Dattijon ya riƙe baki, ya rantse bai sani ba, kuma na yarda da shi, don ledar tun daga can aka manno ta. Muka yi sallama. Da muka hau kwalta a hanyar dawowa, Mushe ya tambaye ni.

"Ta wurin Alhaji fa? Rufin nan da ka ce ɗinkin gida ne?"

Na ce, "Ya fi na kamfani."

Ya ɗan juyo da kai ya dube ni ta gefen ido, irin kallon da malamai ke yi ma yaron da ya canza amsa.

Da safe muka koma filin, wannan karon Rabe yana nan, cikin farar shadda, waya biyu a hannu. Ya tarbe ni da murna.

"Lawali, ashe kai ne ka zo duba mani ita shekaranjiya. Ka ga wasan da na yi da tanti?"

Na ce, "Na gani, Alhaji. Sai dai a gwada da ruwa."

Ya ce a kawo. Mushe ya shiga aka rufe, maigadi ya kwara bokiti shida, ni na nuna mashi inda zai zuba, kan haɗi, kan kusurwa, duk inda na san tanti yana cin amana. Rabe yana tsaye ya harɗe hannu yana amsa waya. Mushe ya fito a bushe, ko ɗigo babu a kafaɗarsa.

Kuɗin da Rabe ya sa ya wuce abin da Mushe zai iya. Na gyara tsayuwa zan fara ciniki, na tanadi maganar tayoyi da maganar ƙasa-ƙasa, har ina jin daɗin zan matsa mashi. Sai ya tambayi Mushe me zai yi da irin wannan mota a shekarunsa. Mushe ya faɗa mashi. Rabe ya sa wayoyin a aljihu, sannan ya faɗi kuɗin da ya yi ƙasa da abin da ni kaina nake shirin tayawa. Ya ƙara da cewa a kai motar Tibiri Madam ta gwada shiga, in bai yi ba a dawo mashi da abarsa. Mushe ya kama hannunsa da hannu biyu yana godiya. Ni ina gefe da turnabis a hannu, cinikin da na shirya bai samu wurin fita ba.

Aka gwada, dabarar Mushe ta yi, sai dai kujerar ta yi mata ƙasa da yawa kuma ta kwanta baya. Nan aikina ya shigo. Kason da na ce ya ware, rabi ya tafi wurin tayoyi masu ɗan tsawo saboda rairayi, rabi ya zo shagona. Na je Tibiri na auna kujerar katakon da take zama a kai a gida, tsayinta da miƙewar bayanta. Na kwance kujerar motar har ƙarfe, na sa mai walda ya ɗaga ta yatsa huɗu, na zubar da tsohon soson na sa mai tauri hawa uku, na sassaƙa shi da wuƙa daidai inda ƙarfen bayanta yake don kada ya danne ta. Rigar na yi ta da yadi mai haske, don baƙar leda a motar da ake buɗewa wuta ce. Na ɗinka maɗauri mai kauri a gefen ƙofa wanda za ta riƙe in za ta zauna. Kwana tara na yi. A duk shekaruna ban yi aikin da ya kai wannan ba.

Ranar da muka kai motar, unguwar ta fito. Mushe ya naɗe rufin, ya buɗe ƙofa. Madam Saratu ta fito da sanda a hankali, ta sa ƙafa ɗaya, ta kama maɗaurin, ta sauka kan kujerar a miƙe. Ta zauna tana jiran zafin da ta saba ji. Da bai zo ba, ta dube ni ta ce, "Malam Lawali, Allah ya saka maka. Iliya, kada ka rufe tukuna, ka bi da ni ta kasuwa in ga mutane."

Da suka dawo ya ja rufin a kanta ya ɗaure, mutane suka kewaye motar suna shafa tantin, suna cewa dubi ɗinki, kamar ba hannu ya yi ba. Babu wanda ya ce komai game da kujera. Ba laifinsu ba ne, tana zaune a kai.

Motar ta zama sananniya a hanyar Tibiri. Ranar Lahadi tana ƙofar coci, ranar asibiti tana shigowa gari a hankali, tsoho da tsohuwa a ciki. Da yake an ga ta kwana tara a bakin shagona, mutane suka ɗauka ni na yi rufin. Wanda ya tambaye ni kai tsaye ina ce mashi Alhaji Rabe ne. Wanda bai tambaya ba, ban bi shi da bayani ba.

Haka ɗan wani attajirin hatsi ya kawo mani tasa, wadda ya sayo daga Lome da rufi a fashe. Ya sauke mani tantin da ya yi oda, mai tsada, daidai na rufi ɗaya babu rara. Ya ce, "Baba, irin na Mushe nake so, sak." Na karɓa. Kafin in taɓa nasa na gwada kusurwar bayan nan da ragowar tantin rumfa. Ta tattare. Na sake, ta tattare. Kwana uku ina yi, guntaye sun taru a ƙasan keke, mai mota yana bugo waya. Rufin da zai riƙe ruwa zan iya yinsa, na sha yi. Amma shi irin na Mushe ya ce, kuma yana da ido.

Ranar ta huɗu bayan la'asar na naɗe guntun tanti na ɗaure bayan babur na nufi Zariya. Shekarun nan duka ban taɓa wuce ƙofar gidan ba. Na same shi a farfajiya yana shan shayi.

Na ce, "Rabe, kusurwar baya. Nuna mani."

Bai yi dariya ba, bai kuma yi mamaki ba, da ya yi ɗaya daga ciki da ya fi mani sauƙi. Ya tashi ya kai ni garejinsa, ya yaye zanen da ya rufe keken. Ya shimfiɗa tantin kan rufin wata mota ya sha zafi har ya yi laushi. Ya tsattsaga bakin lanƙwasar ƙanana-ƙanana da kan almakashi. Sannan, maimakon ya faro daga gefe kamar yadda nake yi shekara arba'in, sai ya sa allura a tsakiyar lanƙwasar ya ɗinka zuwa dama, ya dawo tsakiya ya ɗinka zuwa hagu, yana jan yankin ƙasa da yatsa biyu fiye da na sama.

Na ce, "Maigida ne ya nuna maka haka?"

Ya ce, "A'a. Gani na yi kamar hakan zai fi."

Wayarsa ta yi ƙara, ya maƙale ta a kafaɗa, ya ƙarasa ɗinkin yana maganar wata tirela da ta maƙale a hanya. Ya yanke zare ya miƙo mani guntun, ko dubawa bai yi ba.

Na koma shago na yi ta yi. Sau goma sha ɗaya na ɗinka kusurwar nan kafin in ga wadda zan iya nuna ma mutum. Na kai mashi ita filin motoci. Ya shafa da babban yatsa daga wannan gefe zuwa wancan, ya ɗaga ta ya duba a rana.

"Zai riƙe ruwa," ya ce.

Da wannan hannun na yanka tantin ɗan attajirin, ya zo ya ɗauki motarsa yana yabo, har ya turo mani abokansa biyu. Guntun da Rabe ya ɗinka yana amsa waya kuwa yana rataye bayan ƙofar shagona, inda baƙo ba ya gani. In na gama sabon rufi nakan sauko da shi in ɗora kusa da nawa in duba. Har yau ban kai ba, kuma bana shekarata sittin da ɗaya.